Randar da Ruwanta Yake Waje

Duk wanda ya tashi a gidan da ake shan ruwan randa ya san jikinta ba ya rabuwa da laima. Ka miƙa hannu za ka ɗauki moɗa, damtsenka ya gogi jikinta, sai ka ji danshi mai sanyi, ga gansakuka ta yi kore shar a gindi inda rana ba ta kaiwa. Ba tsagewa ta yi ba. Yumɓun da aka gina ta da shi cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa yana bin su yana tsattsafowa waje, iska tana busar da shi, a wurin bushewar kuma yake kwashe zafin da ke cikin randar ya tafi da shi. Shi ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, shi ya sa kuma ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe, fiye da tsakiyar damina. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya gina tukunyar nan tasa mai zama cikin wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Na kawo zancen randa ne don in kai mai karatu wani ɗaki da ba mu saba da shi ba, a wata ƙasa da matsalarta kishiyar tamu ce. A Toronto ta ƙasar Kanada da wuya ka shiga gidan zama na iyali ka rasa matakala mai gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Ba ƙawa ce ta kawo haka ba, sanyi ne. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ƙasa mai danshi kuma idan ta daskare sai ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta, ta sake shi idan ta narke. Ginin da harsashinsa ke zaune a kan irin wannan ƙasa ba ya daɗewa bai tsattsage ba. Don haka a yankin Toronto sai an haƙa aƙalla mita 1.2, an wuce inda daskarewa take kaiwa, kafin a zuba harsashi. To tunda an riga an haƙa wannan zurfin, sai magina suka ga in an ƙara kamar mita guda an sami hawa sukutum a kan kuɗi kaɗan. A nan ake ajiye injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi da injin wanki da tarkace. Da haya ta yi tsada kuma, sai masu gidaje suka riƙa gyara wurin suna zuba 'yan haya. Baƙi da ɗalibai da yawa, har da namu, a irin wannan ɗaki suke fara sauka, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai takalman masu wucewa.

Wannan ɗaki randa ne, sai dai ruwansa a waje yake, mutane kuma a ciki. Kankare, duk taurinsa, ɗan'uwan yumɓu ne wajen ƙofofi: yana shan ruwa daga ƙasar da ta kewaye shi, ruwan ya ratsa bango da daɓe ya fito ta fuskar da ke kallon ɗakin, ya bushe a can. Aikin da randa take yi wa ruwan sha, shi bangon yake yi wa mazauna ɗakin, ba tare da sun roƙa ba. Kowace lita ɗaya ta ruwa da ta bushe takan tafi da zafin da ya kai kusan kashi biyu bisa uku na yunit ɗaya na wutar lantarki, kuma mai gida ne ya sayi wannan zafin da kuɗinsa. Farin gishirin nan da yake fitowa a jikin tsohuwar randa, shi ake gani a bangon ɗakin ƙasa kamar an barbaɗa gari. Shaida ce ta cewa ruwa ya bi ta nan ya wuce, ya bar kayansa.

Ga kuma sanyin ƙasar kanta. In aka yi nisa kaɗan a cikin ƙasa, zafinta ba ya bin rana da dare, yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin. A kudancin Ontario wajen digiri 10 ne, mutane kuma suna son gidansu a digiri 20 ko 21. Ashe ke nan ƙasa tana zuƙar ɗumin gida dare da rana, shekara a kan shekara. Mafi munin wurin ma shi ne saman bangon, ɓangaren da ya leƙo sama da ƙasa da wanda ke kusa da doronta, domin shi ne yake fuskantar iskar Janairu kai tsaye. A ma'aunin da suke kira R, wanda yake nuna yadda abu ke tare zafi, bangon kankare mai kaurin santimita 20 bai wuce gilashin taga falle ɗaya da wani abin a-zo-a-gani ba, dukansu wajen R-1 suke. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa kashi 20 cikin 100 ko fiye na ɗumin da gida yake asara ta ɗakin ƙasa yake fita.

Mai gida da ya ga takardar kuɗin gas ta watan Fabrairu, abin da yake fara zuwa ransa shi ne ya lulluɓe bangon. Ya sayo katako ya kafa shinge a jikin kankaren, ya cusa audugar gilashi mai tare zafi a tsakankanin katakon, ya shimfiɗa leda a kai, ya rufe da allon jifsam, ya shafa fenti, ya shimfiɗa kafet. A sati biyu kogo ya zama falo. Shekaru masu yawa haka aka riƙa yi, har ma haka ake koya wa magina.

To mai karatu ya ɗauki bargo ya naɗe randa da shi, sannan ya ɗaure leda a kan bargon, ya bar ta wata guda. Ba sai an faɗa masa abin da zai tarar ba idan ya kwance. Ruwan da yake tsattsafowa bai daina ba, hanyar bushewa ce kawai aka toshe masa, sai ya zauna a cikin bargon. Haka audugar gilashi take jiƙewa a bayan leda, kuma jiƙaƙƙiyar auduga ba ta tare zafi. Katako ya fara ruɓewa daga ƙasa, funfuna ta kama takardar da ke bayan allon jifsam ta yi baƙi, warin nan na rumar tsohon ɗaki ya hau matakala ya cika gida, mai asma ya fara neman maganinsa. Daga waje kuwa fenti yana nan tas. Kitso ne aka yi da ƙwarƙwata.

Ruwan ƙasa ma ba shi kaɗai ba ne. Akwai na biyu, wanda yake zuwa ta iska, kuma ya fi yaudara domin da zafi yake zuwa. Watan Yuli a Toronto akwai gumi. Iska mai digiri 28 da danshi kashi 70 cikin 100 takan fara zubar da raɓa da zarar ta taɓa abin da ya gaza digiri 22, bangon ɗakin ƙasa kuwa a lokacin bai fi digiri goma sha wani abu ba, musamman tunda an raba shi da ɗumin ɗaki. Audugar gilashi ba ta hana iska wucewa. Iskar ta sami kafa ta bakin soket ko ta ƙasan allo, ta ratsa audugar ta isa kankare mai sanyi, ta sauke ruwanta a can. Injiniya Joseph Lstiburek, ɗan Kanada da ya yi suna a Amurka kan ilimin yadda zafi da danshi suke yawo a cikin gini, ya daɗe yana yaƙi da wannan leda. Hujjarsa mai sauƙi ce: bangon da yake binne ba zai iya bushewa ta waje ba, domin wajen jiƙaƙƙiyar ƙasa ce, saboda haka in an toshe masa ciki ma an gama da shi.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo wanda yake bambance ruwayen nan biyu. A yanko leda mai faɗin dardumar yaro, a manna ta a bango ko a daɓe da salatef, a rufe gefunan huɗu ruf, a bar ta 'yan kwanaki. In aka ɗaga aka ga kankaren da ke ƙarƙashinta ya yi duhu ko ɗigo ya taru a cikin ledar, ruwan daga ƙasa yake. In kuwa a bayan ledar raɓa ta kwanta, ta fuskar ɗaki, iskar ɗakin ce mai laifi. Sau da yawa dukansu biyun ake samu.

A ganina duk wanda yake son rage kuɗin wuta da gas a ɗakin ƙasa, aikinsa na farko ba a cikin ɗakin yake ba, a tsakar gida yake, da shebur a hannu. Randar da babu ruwa a cikinta ba ta tsattsafo, bangon da ƙasarsa take a tsane shi ma haka. Lissafin ba wuya: rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan sama milimita 25, lita 2,500 ce za ta gangaro daga kansa, kusan duro goma sha biyu. In bututun indararo yana zubar da ita a gindin bango, to mai gida da hannunsa yake cika randarsa. Maganin shi ne a ƙara wa bututun tsawo ya kai ruwan kamar mita biyu daga gini, a share ganyayen da suka toshe kwatar rufi, a kuma ciko ƙasa a gindin bango ta yadda za ta gangara waje. Ƙa'idar gini ta Amurka ta ce gangaren ya kai santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma gidaje da yawa daga nan matsalarsu take ƙarewa.

Wani ruwan kuma ta ƙarƙashi yake ɓullowa. Ranar 8 ga Yuli 2013 an auna milimita 126 na ruwan sama a filin jirgin Pearson na Toronto, mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i. Magudanun birni suka cika suka tumbatsa, ruwan ƙazanta ya juyo baya ya fito ta ramin daɓe a dubban ɗakunan ƙasa, kamfanonin inshora suka biya abin da ya doshi dala biliyan ɗaya ta Kanada. Bayan kwana biyu tituna suka cika da tulin kafet da allon jifsam da auduga, duk an ɓamɓaro za a kai juji. Masu maganar kare muhalli sun fi son lissafa yunit nawa aka rage, amma kayan da aka ƙera a masana'anta, aka ɗauko a mota, aka kafa, aka cire bayan shekara biyar aka zubar, su ma hayaƙi ne aka fitar a banza. Birnin Toronto ya wajabta wa masu gidaje su raba bututun rufinsu da magudanar gari, yana kuma ba da tallafi ga wanda zai sa murfin nan mai buɗewa ta gefe ɗaya a bututun ƙazanta, wanda yake barin ruwa ya fita amma ya hana shi dawowa, ko injin da yake zuƙe ruwa daga ramin da ake haƙawa a kusurwar ɗaki. Mai hankali yakan haɗa injin da batir, domin hadarin da yake kawo ambaliya shi ne yake ɗauke wuta.

Bayan ruwa sai iska. Da sanyi iska mai ɗumi takan hau sama ta sulale ta rufi, gidan kuma ya zuƙo wata ta ƙasa don cike gurbi. Babbar ƙofar shigarta ita ce inda katakon daɓen gida ya zauna a kan bangon kankare, wani ɗan lungu da ya zagaye gidan gaba ɗaya a saman bangon ɗakin ƙasa. Je ka ranar da ake sanyi ka kunna turaren tsinke ka bi lungun da shi, za ka ga hayaƙin yana kwantawa yana gudu daga bango. Inda gizo-gizo ya fi yin saƙa ma alama ce, don inda iska take kawo masa ƙwari yake tarewa. Masu sana'ar kan kafa babbar fanka a ƙofar gida su zuƙe iskar ciki har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50, sai kowace kafa ta tona kanta. Toshe wannan lungu da yankakken soso mai tauri, a bi gefunansa da kumfar gwangwani, yana daga cikin ayyukan da suka fi saurin mayar da kuɗinsu.

Sai dai toshe kafofi yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Tsohon tankin ruwan zafi mai aiki da gas yana buƙatar iska don ya ci wuta, hayaƙinsa kuma ya hau bututu. In aka matse gidan, wata fanka kuma tana jan iska waje, hayaƙin yana iya juyowa cikin ɗaki da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, irin wadda janareta yake kashe iyali da ita a rufaffen ɗaki. Dole a sa na'urar ƙararrawa, a kuma kira masani ya gwada bayan an gama aiki.

Akwai kuma radon, iskar da take fitowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin duwatsu da ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta tsagar daɓe da gefen bututu take shigowa, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 21,000 a shekara a ƙasar. Yadda aka farga da girman matsalar ma abin mamaki ne. A 1984 wani injiniya, Stanley Watras, yana aiki a tashar nukiliya ta Limerick a Jihar Fensilbaniya, sai na'urar binciken ma'aikata ta riƙa ƙara a kansa, alhali ba daga tashar ya kwaso abin ba. Da aka bi sawu sai aka tarar daga gidansa yake zuwa da shi, inda radon ta ninka abin da aka yarda da shi sau ɗaruruwa. Kanada ta sa iyakarta a bekarel 200 a kowace mita kubik ta iska, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar 100. Ana gwadawa da wani ɗan gwangwani da ake ajiyewa wata uku a lokacin sanyi a aika da shi ɗakin gwaji. In ta yi yawa, sai a huda daɓe a sa bututu da ƙaramar fanka ta riƙa zuƙo iskar daga ƙarƙashi tana fitar da ita waje. Kafin a shimfiɗa tayil ya kamata a yi wannan, ba bayan an gama ba.

Sai an gama da waɗannan duka ake zuwa ga lulluɓin da mai gida ya so farawa da shi. Abin da ya fi shi ne a lulluɓe ta waje, a tone ƙasa har harsashi, a shafa abin hana ruwa, a jera allunan tare zafi, a gyara bututun tsane ƙasa, a mayar da cikon. Kankaren sai ya zauna a bushe da ɗumi, kamar randar da aka yi wa fenti ta fuskar da ruwa yake. Amma tono yana da tsada, kuma a tsofaffin unguwannin Toronto wani gidan tsakaninsa da maƙwabcinsa ko baro ba zai wuce ba. Yawancin mutane ta ciki suke yi. Ƙa'idar ita ce abin da zai taɓa kankare ya zama wanda ruwa ba ya lalatawa kuma iska ba ta ratsawa: allon soso mai tauri, a manna shi a bango ba tare da rata ba, a bi mahaɗansa da salatef. Da haka iskar ɗaki ba ta ƙara haɗuwa da sanyin bango, balle ta sauke raɓa. A gabansa ake kafa katako, mai son ƙari ya cusa audugar dutse a tsakani, ba leda, sannan allon jifsam mai kaurin milimita 12.7, domin soso in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne. Ƙa'idar Amurka tana neman R-15 a yankuna masu irin wannan sanyi, wato kamar santimita 8 zuwa 10 na soso.

Soson ma iri-iri ne. Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kunshe talabijin da shi a kwali yana ba da wajen R-4 a kowane inci. Mai launin shuɗi ko ruwan hoda yana ba da R-5, amma shekaru da dama da iskar HFC-134a aka riƙa hura shi, wadda take ɗumama duniya fiye da kabon dayoksaid sau 1,430. Mutum yana rage hayaƙin gas ta nan, yana sakin wanda ya fi shi ta can. Bayan yarjejeniyar Kigali ta 2016 kan rage irin waɗannan iskoki, Kanada ta hana amfani da ita a wannan soso daga 2021. Duk da haka farin ya fi arha, kuma ni shi zan zaɓa in ƙara masa kauri.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Ƙwan LED yana cin ƙasa da kwatan abin da tsohon ƙwai yake ci, ɗakin da ba ya samun rana kuwa yini ake yi da fitila. A naɗe bututun ruwan zafi, a liƙe mahaɗan bututun iska. Tsohon firjin da aka sauke ƙasa don kwalaben lemo shida, a rabu da shi. Akwai tankin ruwan zafi na zamani da yake tsotso ɗumi daga iskar ɗaki ya zuba a ruwa, yana cin kamar sulusin wutar da tsohon tanki mai lantarki yake ci, yana kuma rage danshi a kan hanya, sai dai yana ƙara wa ɗakin sanyi da hunturu.

Ɗan haya ba shi da ikon tone tsakar gida ko ɓamɓare bango, amma akwai abin da yake hannunsa. Ɗabi'armu ce in ɗaki ya yi ruma a buɗe taga ya sha iska, kuma a Kano ko Damagaram da rani hakan daidai ne. A ɗakin ƙasa na Toronto a watan Yuli kuwa, buɗe taga ɗebo ruwa ne a zuba wa bango. Gara a rufe, a kunna na'urar tsotse danshi, a sayi ɗan agogon auna laima a tabbata bai haura kashi 60 cikin 100 ba. Kada a jingina katifa ko akwatin tufafi da bango, kada a ajiye kwali a kan daɓe, kada a shanya wanki a ciki, a kunna fankar banɗaki da ta kicin duk lokacin da tukunya take tafasa. Kafin ma a biya kuɗin haya, a shaƙi ɗakin da kyau, a duƙa a duba ƙasan bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa kaiwa, a tambayi mai gida ko ya gwada radon.

A kuma duba tagar ɗakin kwana, a buɗe ta da hannu a ga ko babban mutum zai iya fita ta nan. A daren 1 ga Satumba 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a birnin New York, mutum 13 suka rasu, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu a unguwar Queens, a gidajen hayar da akasari ba a yi musu rajista ba. Ruwa ya danne ƙofa ta waje, wata mafitar kuma babu. Masu gyara don rage kuɗin gas sukan so su ƙanƙance taga ko su toshe ta, tunda ta nan ma ɗumi yake fita. Wadda ya kamata a sa ita ce babba mai gilashi biyu ko uku, mai buɗewa gaba ɗaya, da rami a wajenta wanda aka zuba wa tsakuwa da bututun tsane ruwa, aka kuma kafa masa tsani in ya yi zurfi.